Kare Lafiya da Rayukan Ma'aikata a Wuraren Gine-gine: Tanadin Doka da Halin da Ake Ciki a Lafia

Tun ranar 1 ga Oktoba, 1996, da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato, aikin gini bai tsaya ba a Lafia. Zaman garin babban birnin jiha ya jawo ma'aikatu da gidajen ma'aikata, kafa Jami'ar Tarayya ta Lafia a 2011 ya cika yankin Gandu da ɗakunan kwanan ɗalibai, sannan ga manyan ayyuka irin su filin jirgin sama na Kwandere, da sabuwar sakatariyar jiha, da gadar sama ta tsakiyar gari, da tagwayen hanyar Keffi zuwa Akwanga zuwa Lafia har Makurɗi. A unguwanni kamar Bukan Sidi, Shabu, Tudun Kauri da Ombi, da wuya a bi layi ba a ga bulo a jibge ko rodi a tsaye ba.

Dubban mutane ne ke cin abinci a wannan sana'a, kuma tana cikin sana'o'in da suka fi haɗari a duniya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar haɗurra da cututtukan da ke da nasaba da aiki, kuma ta daɗe tana sanya gini a sahun gaba wajen haɗurran da ke kisa. Abin da ya fi tasiri wajen rage wannan asara shi ne tsari: a san wanda alhakin lafiyar ma'aikata ke wuyansa tun kafin a haƙa harsashi, a kuma rubuta sunan duk wanda ke aiki a wurin.

Su Wane Ne Ke Aiki a Wurin Gini

Ayyukan gini a Lafia iri biyu ne. Akwai manyan kwangiloli na gwamnati da na kamfanoni, inda akan sami injiniya na dindindin, da shinge, da jami'in kula da lafiyar ma'aikata. Akwai kuma gine-ginen ɗaiɗaikun mutane, waɗanda su ne suka fi yawa: gidajen zama, shaguna, makarantu masu zaman kansu, ɗakunan haya. A irin waɗannan mai gida ne ke sayo kaya da kansa, ya yi jinga da birkila, birkila ya ɗauko leburori, a biya kowa da yamma. Kafinta ya zo ya kafa katako ya tafi, mai ɗaurin rodi ya zo ya tafi, haka mai walda, mai wayarin, mai filasta da mai fenti.

A wannan tsari na biyu ne matsalar ta fi tsanani. Kowane rukuni na kula da aikinsa kaɗai, babu mai kula da wurin gaba ɗaya. Kafintan da ya kafa dandamali ba shi ne zai hau ba, wanda ya haƙa rami ba shi ne zai bi ta gefensa da kwanon sarki a ka ba. Idan haɗari ya auku, mai gida ya ce shi da birkila ya yi magana, birkila ya ce shi ma ɗan jinga ne, lebura kuwa ba a ma san cikakken sunansa ko garinsu ba. Ranar zuba dakin ta fi kowace rana haɗari, domin a ranar ake tara leburori da yawa, maza da mata, waɗanda wasunsu ba su taɓa taka wurin ba, ana gaggawar a gama kafin kankare ya bushe.

Haɗurran da ke Aukuwa Nan Take

Faɗowa daga sama ita ce babbar hanyar da magina ke rasa rayukansu a ko'ina a duniya. Tana faruwa ne daga dandamalin katako ko na gora da ba a ɗaure da kyau ba, daga bakin bene da ba shi da makari, daga ramin matakala da aka bari a buɗe, ko daga kan rufi yayin buga kwano. Ƙa'idar da masana suka amince da ita ita ce a sa makari mai tsayin kimanin mita 1 a duk bakin da mutum zai iya faɗowa. Tsani kuma a jingina shi ta yadda duk tsayin mita 4 ƙafarsa za ta nisanci bango da mita 1, kansa ya zarce wurin sauka da kimanin mita 1, a kuma ɗaure shi.

Na biyu shi ne rushewar gini ko ruftawar dakin. Kankare yakan kai ƙarfin da aka auna masa ne bayan kwana 28, kuma yana buƙatar a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla mako guda. Cire katakon da ke tallafe da dakin da wuri domin a kai wani aikin, rage siminti, sa rodin da bai kai kaurin da ke cikin zane ba, jibge bulo a kan dakin da bai ƙosa ba, ko ƙara hawa a kan harsashin da ba a yi shi don haka ba, duk suna cikin sanannun dalilan rushewa. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya rushe, ya hallaka fiye da mutum 40, akasarinsu ma'aikatan wurin. A ƙarshen watan Agusta na 2022 kuma wani bene da ake kan ginawa a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano ya rufta a kan jama'a.

Na uku shi ne zabtarewar rami. Ƙasar Lafia tana da yashi, kuma damina takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, saboda haka gefen ramin harsashi, ko na shadda, ko na rijiya yana iya sakin jiki ba tare da wata alama ba. Ƙasa mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya-ɗaya tana wuce tan ɗaya da rabi a nauyi, wanda ya isa ya danne ƙirjin mutum ya hana shi numfashi. Duk ramin da ya kai ƙirjin mutum ana buƙatar a tokare gefensa da katako ko a kwantar da bakinsa, a nisantar da ƙasar da aka haƙo, a hana tifa matsowa kusa, a kuma sake duba shi bayan kowane ruwan sama.

Na huɗu shi ne wutar lantarki. Rodi mai tsawon mita 12 ko fallen kwano da ake miƙawa sama na iya taɓa wayar da ta ratsa ta gaban gini, kuma babban layi yana iya jan mutum tun bai taɓa shi ba. Ƙa'idojin lantarki na ƙasa sun keɓe fili mai faɗin mita 50 a ƙarƙashin layin kilobolt 330, da mita 30 a ƙarƙashin na kilobolt 132, inda ba a yarda a yi gini ba. Wannan ya shafi Lafia kai tsaye, domin manyan layuka na shiga tashar rarraba wuta ta Akurba. A cikin wurin gini kuma, tsirarun wayoyi da ake ja daga janareta zuwa injin walda ko na yanka, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, sukan yi kisa.

Cututtukan da ke Zuwa a Hankali

Ƙiyasin ILO ya nuna cewa cututtuka sun fi haɗurra kashe ma'aikata nesa ba kusa ba, sai dai ba a cika danganta su da aiki ba saboda sukan bayyana bayan shekaru. Ɗanyen siminti yana ƙona fata. Leburan da ke taka kwaɓaɓɓen kankare da silifas, ko ya naɗe ƙafarsa da takardar buhun siminti, yakan ƙare da tsagewar fata da gyambo, kuma wani sinadari da ke cikin simintin yana haddasa ƙaiƙayin da ba ya jin magani muddin ana ci gaba da taɓa shi. Ƙurar da ke tashi yayin yankan tayil, bulo ko dutse tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi masu maƙalewa a huhu, su taurara shi. Wannan cuta ba ta warkewa, kuma tana sauƙaƙa kamuwa da tarin fuka. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare irin wannan ƙura; abin da ke rage ta shi ne zuba ruwa yayin yanka da sanya takunkumin da aka yi domin ƙura. Haka kuma tsofaffin gine-ginen gwamnati da makarantu da dama suna da rufi ko silin na asbestos, wanda ƙurarsa ke haddasa ciwon daji idan aka farfasa shi wajen rusau.

Buhun siminti kilo 50 ne. Ɗaukarsa da ɗaukar bulo da kwanon sarki zuwa hawa na biyu sau da dama a rana yana jawo ciwon baya, da na gwiwa, da ƙaba. Ƙarar injin da ta kai mutum sai ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji tana lalata ji idan aka daɗe a cikinta. Hasken walda yana ƙona ido, har na wanda ke tsaye a gefe yana kallo.

Zafi ma babban al'amari ne. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin rana a Lafia yakan kusanci digiri 40, ga kuma turirin kwarin Binuwai. Jiri, ciwon kai, ɗaurewar jijiya da ruɗewa alamu ne na cewa jiki ya gaza, kuma mai jiri a kan dandamali yana gab da faɗowa. Maganinsa shi ne ruwan sha mai tsabta a kusa, da inuwa, da mayar da aiki mai nauyi zuwa safiya da la'asar, musamman idan azumi ya faɗo a bazara. Shan ƙwayoyi irin su tiramadol domin a jure wahala yana ɓoye gajiya ne kawai, yana kuma rage hankalin mai aiki a sama.

Abin da Doka ta Tanada

Sashe na 17 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin tsara manufofinta ta yadda za a kare lafiya da walwalar duk mai aiki. A matakin duniya, Najeriya ta amince da Yarjejeniyar ILO mai lamba 155 kan lafiya da kariya a wurin aiki a 1994, ta kuma amince da mai lamba 187 a 2022. Akwai kuma Manufar Ƙasa kan Lafiya da Kariya a Wurin Aiki ta 2006, wadda aka sabunta a 2020. Ma'aikatar Ƙwadago da Samar da Ayyuka ta Tarayya ce ke da sufetocin da ke duba wuraren aiki, kuma tana da ofisoshi a jihohi.

Babbar dokar da sufetocin ke aiki da ita ita ce Dokar Masana'antu ta 1987. An rubuta ta ne domin masana'antu, kuma masana sun daɗe suna nuna cewa ba ta yi wa wuraren gini cikakken tanadi ba. Dokar Ƙwadago ta hana sanya yaron da bai kai shekara 15 ba aiki a wuri irin na gini, ta kuma hana sanya wanda bai kai 18 ba aikin da zai cutar da lafiyarsa.

Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006 ya fi shiga cikin lamarin. Ya buƙaci ƙwararren magini mai rajista ya jagoranci aikin, ya kuma shirya takardu uku: jadawalin aiki, tsarin tabbatar da inganci, da tsarin kare lafiyar ma'aikata. Hukumar CORBON ce ke yi wa magina rajista, COREN ta injiniyoyi, ARCON kuma ta masu zanen gini. Amma ba da izinin gini hurumin jihohi ne, don haka ƙarfin kundin ya dogara ga yadda kowace jiha ta ɗauke shi. A Lafia, Hukumar Raya Birane ta Jihar Nasarawa ce ke amincewa da zanen gini da sa ido a kan yadda ake aiwatar da shi. Ta fuskar inshora, sashe na 64 na Dokar Inshora ta 2003 ya wajabta yi wa duk ginin da ya wuce hawa biyu inshora tun yana kan ginuwa, domin biyan ma'aikata da sauran jama'a idan sakaci ya jawo asara, kuma sabuwar dokar gyaran harkar inshora ta 2025 ta ci gaba da wajabta inshorar gine-ginen da ake kan yi.

Diyyar Wanda ya Ji Rauni

Dokar da ta fi amfanar lebura, wadda kuma mafi yawan leburori ba su san da ita ba, ita ce Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010. Hukumar Asusun Inshorar Ma'aikata ta Najeriya, wato NSITF, ce ke gudanar da ita. Mai ɗaukar aiki ne ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar abin da yake biyan ma'aikatansa a wata, kuma doka ta hana a cire kuɗin daga ladan ma'aikaci. Ma'anar ma'aikaci a dokar ta haɗa da wanda aka ɗauka da baki ba da takarda ba, da na wucin gadi, da ɗan koyo, da mai aikin yini.

Dokar ta shafi rauni, da naƙasa, da cutar da aiki ya haddasa, da mutuwa, har da haɗarin da ya sami mutum a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Ba sai an tabbatar da laifin mai ɗaukar aiki ba kafin a biya. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya na dindindin yana da haƙƙin kashi 90 cikin 100 na abin da yake samu a wata, haka ma matar mamaci mai 'ya'ya biyu ko fiye. Akwai wa'adi: ma'aikaci ko iyalansa su sanar da mai ɗaukar aiki cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da hukuma cikin kwana 7, a shigar da buƙatar diyya cikin shekara guda.

Inda ake samun cikas shi ne shaida. Leburan da sunansa ba ya cikin kowane littafi, wanda babu takardar asibiti da ta nuna ranar da aka kai shi da abin da ya same shi, yana da wahalar tabbatar da cewa a wurin ya yi aiki. Galibi abin da ke faruwa shi ne a biya kuɗin ɗinki da allura, a ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa, a ce ƙaddara ce. Imani da ƙaddara bai ɗauke wa kowa alhakin sakaci ba, kuma a shari'ar Musulunci ma akwai diyya a kan rai da gaɓoɓi ko da kuskure ne.

Yadda Ake Tsara Kariya a Wurin Gini

Masana sun jera matakan kariya daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni. Na farko, a kawar da haɗarin gaba ɗaya, kamar neman kamfanin rarraba wuta ya kashe layi ko ya kawar da shi kafin a fara aiki kusa da shi. Na biyu, a sauya hanya mai haɗari da wadda ta fi sauƙi, kamar jan kaya sama da igiya da kura maimakon hawa tsani da su a ka. Na uku, a sa shamaki tsakanin mutum da haɗari: makari, murfin rami, tokarin gefen harsashi. Na huɗu, a tsara aikin kansa, wato wa zai hau, yaushe, da wa zai duba. Kayan kariya na jiki, hular kwano, takalmi mai ƙarfe a baki, safar hannu, tabarau da igiyar ɗamara, su ne mataki na ƙarshe, kuma mai ɗaukar aiki ne ya kamata ya samar da su. Hular kwano tana kare kai daga bulon da ya faɗo, amma ba ta hana dandamali karyewa.

A ƙaramin gini, yawancin abin da ake buƙata bai kai kuɗin tifa ɗaya ta yashi ba. A naɗa mutum guda, birkila ko helma, a gaya wa kowa cewa shi ne mai kula da wurin kuma yana da ikon tsayar da aiki. A ajiye littafi da ake rubuta sunan kowane ma'aikaci, da lambar wayar wani nasa, da ranar da ya yi aiki. A yi taron minti biyar kowace safiya cikin harshen da ma'aikatan ke ji, domin a Lafia wuri ɗaya kan haɗa Bahaushe, da Eggon, da Alago, da Gwandara, da Tibi. A duba dandamali da tokarin dakin kafin a hau. A lanƙwasa ƙusoshin da ke jikin katako, a rufe kan rodin da ke tsaye, a killace wurin domin yaran unguwa. A tanadi akwatin taimakon farko, da ruwan sha, da makewayi. Masu gadi da leburorin da ke kwana a kango su guji kunna janareta a ɗaki, domin hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

Idan Haɗari ya Auku

Wanda ya faɗo daga sama ba a ɗaga shi a zaunar, ba a kuma ɗora shi a babur. Ana kwantar da shi a kan faffaɗan katako, kai da wuya a miƙe, domin jijjiga na iya mayar da karayar baya shanyewar jiki. Wanda wuta ta kama, a kashe wutar tukuna kafin a taɓa shi. Idan siminti ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15. Wanda ya taka ƙusa yana buƙatar allurar rigakafin sandarewar jiki, ko da raunin ƙarami ne. Wanda ya suma a cikin shadda ko rijiya, kada wani ya bi shi ba igiya ba masu ja, domin iskar da ta kayar da na farko za ta kayar da na biyu. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Bayan an ceci rai, a rubuta abin da ya faru a ranar: lokaci, wuri, sunayen shaidu, da hoton wurin kafin a gyara shi. A karɓi rahoton likita a adana. Da waɗannan takardu ne ma'aikaci ko iyalansa za su je ofishin NSITF ko na Ma'aikatar Ƙwadago, kuma idan aka sami saɓani, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraron ƙarar.